Shekarar da Safiya Ta Yi Uwa Biyu

Bana watan Sha'aban ya same mu cikin sanyi-sanyi, har sai na yafa mayafi da safe kafin in fita tsakar gida. Jiya da hantsi iska ta kawo min ƙamshin abre daga wani gida a layinmu na nan unguwar Alsahafa, cikin Khartoum: tsirarriyar dawa da citta da kirfa suna gasuwa a kan ƙarfe. Abre shi ne ɓawon nan da muke jiƙawa mu tace mu sha da buɗa-baki, wanda in babu shi mutumin Sudan ba ya yarda an ga wata. Tsohuwa ɗaya ce ke toyawa, ita ma biyanta ake yi. Sauran matan layin a leda suke saye, kamar ni. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina shaƙa, sai na ji wani tsohon abu ya motsa min a ƙirji. Na ɗauka kewa ce. Da na saurara da kyau sai na gane kishi ne, yana nan da ransa da lafiyarsa, ko ramewa bai yi ba.

Shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da damina ke ta alkawari ba ta cikawa. Muna zaune a Dar Salam, can ƙarshen Omdurman, inda gidaje ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Ɗaki ɗaya na ƙasa gare mu da rumfa a gabansa, cikin gidan surukata, wadda kowa ke ce wa Hajja. Mijina Bashir tela ne a kasuwa. Ni kuma ina ƙarasa digiri na biyu, majistir, a fannin noma, bincikena kuwa a kan yadda wasu irin dawa ke jure ƙishirwa. Mai son yin dariya ya yi, maƙwabta sun riga shi.

Malamin da ke duba aikina ya samu aiki a ƙasar waje, zai tashi da an yi salla. Bai ɓoye min ba: ko dai in kare kundina gaban malamai kafin salla, ko a miƙa ni ga wani wanda zai so a sake komai yadda shi ya ga dama. Ɗakin gwaji da kwamfuta da wutar lantarki duk suna can unguwar Soba. Tsakanin Dar Salam da Soba akwai gada, akwai sauyin mota, akwai birnin Khartoum gaba ɗayansa. 'Yata Safiya kuwa watanta huɗu a duniya, ba ta san akwai wani abu wai shi majistir ba, da ta sani ma ba na jin zai dame ta.

Katangarmu ɗaya da gidan su Kaltume, kuma akwai nafaj a jikinta, 'yar ƙofar nan da ake hudawa don mata su riƙa shiga wa juna ba sai sun bi ta titi ba. Ajinmu ɗaya da Kaltume a firamare. Ta fi ni lissafi, ta fi ni kyau, ta fi ni baki. Da mahaifinta ya rasu ta bar makaranta ta kama sayar da shayi tare da uwarta, daga baya ta auri Haruna mai raksha, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku. Ɗanta Musa ya girmi Safiya da 'yan watanni.

A rumfar Hajja aka yi tuyar abre a waccan shekarar. An jiƙa dawa, an shimfiɗa ta a kan buhu har ta tsira, an shanya, an niƙa, an dama da kayan ƙamshi, an rufe har ƙullun ya yi tsami. Ranar tuya matan layi suka hallara tun da farar safiya, kowace da icenta a ka. Ana juyi ne gaban wuta: wannan ta zauna ta shafa ƙullu da guntun ganyen dabino har idonta ya yi ja, ta tashi wata ta zauna. Gobe a koma gidan wata. Ni aka ba ni ninkewa, aikin da ake ba yara da baƙi. Kaltume tana gaban wuta, zufa na zuba daga haɓarta, hannu ɗaya na shafa ƙullu, ɗayan na tallafe da Musa a ƙirjinta yana sha kamar wanda aka biya.

"Ustaza, matsa daga hayaƙin nan," in ji ta, "kada ya shiga miki karatu."

"Karatun a kai yake, Ummu Musa, ba a hanci ba."

"To Allah ya sa. Ni dai na ga tun safe falle biyun nan kike lallashi."

A wannan zaman ne aka yanke cewa in na tafi Soba, Safiya za ta wuni wajen Hajja, Kaltume kuma ta riƙa leƙowa, tunda bayan Hajja ya daina karɓar goyo.

Na shirya wa abin kamar yadda na ga an rubuta a littafi. In na yi sahur sai in dafa kwalba, in matse nono a ciki, in naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, in ajiye a ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Na yi wa Hajja bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta saurare ni da irin haƙurin da ake sauraron mai tallan magani a cikin mota. Abin da ta ce kawai shi ne mai shayarwa an yi mata rangwame, in ajiye azumi. Na ƙi. A ɗakin gwaji kowa na azumi, babu lungun da za a ɓuya a kurɓi ruwa, kuma ba na son ramuwa ni kaɗai a watan da kowa ke tauna.

Nakan fita rana ba ta gama fitowa ba, amma ƙasa ta riga ta ɗumama tafin takalmi. Raksha zuwa tasha, motar haya zuwa Khartoum, wata motar zuwa Soba. Kafin hantsi ƙarfen kujera ya fi ƙarfin taɓawa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe bakin tanda, in an rufe tagar kuma a dahu a ciki. A kan gada kowa yakan yi shiru ya juya yana kallon kogin Nilu, shimfiɗe, fari, mai faɗi, ba wanda ke da ikon kurɓa. A unguwarmu ruwa a ganga yake zuwa bisa amalanken jaki, kuma a wannan zafin sai an tare mai jakin tun daga bakin layi ana roƙo. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwano, wanda aka wanke kwano da shi ake yayyafa wa tsakar gida.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Sau da yawa magariba kan riske mu a hanya, dattawa su tare titi da rawunansu, su rantse ba motar da za ta wuce sai kowa ya sauko ya sha ruwa. Maza su zauna a tabarmar titi, mu mata a shiga da mu cikin gida. Na yi buɗa-baki a gidajen da har yau ban san sunan masu su ba. Ina kurɓar abre mai sanyi a kofin wasu, hankalina yana Dar Salam.

A kwanakin farko, kafin azahar ƙirjina ya cika ya yi tauri, sai in shiga banɗaki a Soba in matse in zubar. Daga baya ya daina cika. Abin da nake samu da sahur ya sauka daga rabin kwalba zuwa abin da bai fi a ɗiga wa mai ciwon ido ba. Amma Safiya sai ƙiba take. Kumatu suka fito, wuya ya yi ninki, cinyoyi suka yi gaɓa-gaɓa. Na gaya wa abokan karatuna cewa ba yawan nono ba ne, tsari ne. Har na fara tunanin rubuta wa mata 'yar ƙasida a kai.

Abu ɗaya ne ya riƙa tsaya min. In na ɗauke ta da yamma na sa hanci a wuyanta, sai in ji ƙamshin hayaƙin itacen da matan aure ke turara jiki da shi. Ni rabona da ramin turare tun wankan jego. Hajja kuwa ta bar wannan harka tun kafin a haife ni. Na ce goyo ne, ai dole zani ya bar ƙamshi.

Wata rana wuta ta ɗauke a Soba tun da safe, aka ce ba ta dawowa, na juyo gida. Na iso da azahar, lokacin da ko kaji ba sa motsi. Hajja na kwance a rumfa ta rufe fuska da jiƙaƙƙen mayafi. Kwalbata tana ƙarƙashin randa yadda na bar ta, abin cikinta ya tsinke, ruwa a sama guda-guda a ƙasa. Na sunkuya na bi ta nafaj.

Kaltume na zaune a kan gadon igiya a inuwar ɗakinta, ta jingina da bango, idonta a lumshe. Musa a dama, Safiya a hagu. Safiya ta ɗora hannu a wuyan Kaltume tana murza mata fata a hankali. Wannan hannun ne ya fi ci min rai. Nono abinci ne, mai jin yunwa kuma ba ya tambayar daga ina. Amma hannun ni take yi wa haka, na kuma ɗauka ni kaɗai.

"Ustaza! Yau an tashi makaranta da wuri?"

"Me kike yi?"

Ta dubi ƙirjinta, ta dube ni. "Ke da kika je jami'a."

"Wa ya ce ki ba ta?"

"Ita ta ce. Tun farkon azumi take faɗa, duk layin nan sun ji, ke ce kawai kina Soba."

"Na bar mata nono a kwalba."

"Kin bar mata kindirmo," in ji Hajja daga bayana. Ashe ta biyo ni. "Kafin rana ta take ya lalace. Na zuba wa mage, ta shinshina, ta dube ni, ta yi tafiyarta."

"To me ya hana ku gaya min, Hajja?"

"In an gaya miki ki yi me? Ki bar karatun? Ɗana keken ɗinkinsa guda ya sayar a kan karatun nan."

Na miƙa hannu na ɗauki Safiya. Ta saki nonon da ƙara, ta dube ni kamar mai karɓar haraji, ta wage baki. Har muka shiga ɗaki tana waiwaye.

Da Bashir ya dawo shan ruwa na tare shi tun daga ƙofa na zayyana masa. Ya ajiye jakarsa, ya share zufa, ya ce, "Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Kaltume da alheri."

"Abin da za ka ce ke nan, Abu Safiya?"

"To me zan ce, ya Rahama? In kai ta ƙara don ta ciyar min da 'ya?"

Ban gama haɗiye wannan ba Hajja ta kawo wadda ta fi ta. Ta ce tunda na sani, lokaci ya yi da za a faɗa wa mutane. Shayarwa ba a ɓoye ta. Musa da Safiya sun zama wa da ƙanwa har abada, duk abin da Kaltume ta haifa nan gaba ɗan'uwan Safiya ne, aure ya haramta a tsakaninsu. Katanga ɗaya za su tashi, mu kuma mutuwa za mu yi. A wajen mutanenmu a tabarmar shan ruwa ake faɗa, gaban mazan layi duka, don in wani ya manta wani ya tuna. Na ce a kira liman gefe a gaya masa shi kaɗai.

"Liman ya girme ni," in ji Hajja. "So kike a binne maganar tare da shi?"

Washegari da rana ta yi ja aka share ƙofar gida, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi. Kowane gida ya fitar da tirensa: tuwon dawa da miyar busasshen nama, dafaffen wake, dabino, tulun abre. Na tsaya a bayan ƙyauren kwano, wanda har lokacin bai huce ba. Aka sha ruwa, aka yi salla, aka zauna ci. Sai na ji liman ya gyara murya.

"Jama'a ku shaida. Kaltume matar Haruna ta shayar da Safiya 'yar Bashir har ta ƙoshi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba."

"Mun shaida."

"Allahu akbar," in ji Haruna, "na samu 'ya ban yanka rago ba!"

Aka yi dariya. Wani daga ƙarshen tabarma ya ce, "Bashir, ita Ustaza fa?" Wani ya amsa masa, "Tana Soba tana shayar da dawa." Dariyar ta fi ta farko. Bashir ma ya yi. Na san dariyarsa ko a cikin dariyar kasuwa.

Shaidun nan sun riƙe amana fiye da yadda nake so. Yau Safiya ta kere ni tsawo, tana sakandare, kuma har yanzu in ta ce "Yumma", wato Inna, sai na jira in ji ko za ta ƙara da "Kaltume". Ƙannen Musa su shigo gidana ba sallama su buɗe firij. Matan yanzu suna da madarar gwangwani da firij da na'urar matse nono, ba mai faɗin sunansu a tabarma. Ban ce sun fi mu ba, ban ce mun fi su ba. Na dai san babu mai raba su da 'ya'yansu biyu a gaban liman.

Kashegarin shaidar ban je Soba ba. Na samo fallen kwano na toshe nafaj, na danne shi da turmi, na cusa tsummoki da ƙasa a ƙarƙashinsa don ko ƙamshi kada ya wuce. Na ajiye azumi. Hajja ta dama min kunun kanwa, irin wanda ta ce kakanninta sun zo da shi daga yamma a hanyarsu ta hajji. Wata maƙwabciya Balarabiya ta aiko da kunun hulba, ta ce shi ne magani. Na sha duka biyun, kamar mai sasanta ƙasashe. Cin abinci da rana a watan azumi ba shi da daɗi ko an halatta maka: a ɗaki, a ɓoye, cikin zafi, kana tauna a hankali kada a ji. Zufata ta koma warin hulba, haka filo, haka zanin Safiya.

Safiya takan kama, ta ja, ta ja, ta saki, ta ƙwalla ƙara, ta juya kai wajen katanga. Ta san gabas ɗinta. Na yi mata waƙa, na yi mata rawa, na karanta mata babi na uku. Kumatun suka fara komawa inda suka fito. Malamina ya bugo waya yana tambayar babin ƙarshe, na ce zazzaɓi nake. Ya ce Allah ya sawwaƙe, amma jirginsa ba ya zazzaɓi. Bashir ya daina magana, ya koma shigowa da ido kawai: ya dubi 'yar, ya dubi turmin, ya dube ni. Daga ƙetaren katanga kuwa ba a cewa komai, sai dai in Safiya ta fara kuka in ji an daina daka.

A cikin wannan halin damina ta cika alkawari. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta juya ta yi sanyi. Ɗigon farko ya faɗi a kan rairayi ya tayar da ƙamshin nan da ke sa mai azumi ya ji kamar ya ci ƙasa. Yara suka fita titi da ihu. Sai ruwa ya kece. Rufin ɗakinmu ya fara yoyo, na jera kwanoni, na tura takarduna cikin leda, na goya Safiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne gangaren gidan. Tsakar gidan Hajja ba ta da mafitar ruwa ta kanta. Tun da aka gina gidajen biyu, ta ƙarƙashin nafaj ruwanmu ke bi ya ratsa gidan su Kaltume ya faɗa titi. Na toshe shi da hannuna, na kuma toshe da kyau. Kafin a jima ruwa ya kai idon sawu, ya kwanta a gindin bango. Bangon ƙasa kuwa in ya sha ruwa daga ƙasa, zama yake yi.

"Rahama!" Hajja ta ƙwala daga ƙofar ɗakinta. "Ki cire kwanon nan ko ki kwana a fili da digirinki!"

Na shiga ruwan, na mirgine turmi, na ja kwanon, na tone tsummokin da yatsu. Ruwa ya kwarara. A ɗaya gefen Kaltume ce tsaye da fartanya, jiƙe sharkaf, tana buɗe masa hanya.

"Kin gama fushin?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Ba fushi nake ba."

"To 'yar ce ke fushi. Muna ji."

"'Yata ce, Kaltume."

"Wa ya ce tawa ce? Ni ina da mai cizona." Ta sara ƙasa, ta janye laka. Sai ta miƙe ta dafa fartanyar. "Kin san abin da ke ba ni haushi da ke? Kullum da safe ina jin takalminki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Farin tob, lafayar nan taku ta ma'aikata, jaka a kafaɗa. Ni ina tsugune gaban wanki. Ke da sai na nuna miki yadda ake raba lamba, kina kuka majina har baki. Abu ɗaya tak ya zo hannuna da na fi ki, shi ma kin sa kwano kin toshe."

Ya kamata in ce na ji tausayinta. Daɗi na ji. Ashe ba ni kaɗai ke ƙonewa ba, katangar ta kowane gefe zafi take.

Safiya ta ji muryar, ta fara zillo a bayana.

"Ki koma Soba," in ji Kaltume. "Amma ranar da za ki tsaya gaban malaman, da ni za a je. Ina so in ga abin da ake yi a can da ya fi wanki."

Na kwance goyon, na sunkuya, na miƙa ta ta nafaj. Ban tsaya kallo ba.

Sauran watan ya tafi cikin laka. Raksha ta daina shigowa layinmu, sai in riƙe takalmi a hannu har bakin kwalta. Ƙuda da rana, sauro da yamma, zafin ya koma mai danshi yana manne wa fata. Maza suka yi gayya suna yaɓe bangayen da suka zaizaye, yau gidan wannan gobe na wancan. Ni ban koma azumi ba, ban kuma daina shan hulba ba, duk da ban ga abin da ta ƙara ba sai wari. Safe da yamma nakan ba Safiya abin da ya samu, ta karɓa kamar sadaka. Na gama babin ƙarshe. Bashir ya ɗinka wa Musa da Safiya kayan salla daga yadi ɗaya, ya kawo yana nuna min yana murna. Na ce sun yi kyau.

Ranar kare kundi ta zo ana saura kaɗan a ga wata. A ginin jami'a da ke Khartoum aka yi. Na sa farin tob, irin na mata ma'aikata. Kaltume ta fito da tob ɗin aurenta mai ruwan zuma, lalle har gwiwar hannu, ƙamshi na riga ta shiga mota. Mai gadin ƙofa ya miƙe ya ce mata, "Bismillah, Daktora." Ni ya tambaye ni katin shaida.

Malamai uku ne a kan tebur. Bashir da Hajja suka zauna a baya, Kaltume a gefensu da yara biyu. Na fara bayani. Safiya ta soma ƙananan koke-koke. Baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai kaurin gilashi, ya dubi bayan ɗakin ta saman gilashinsa. Kaltume ta tattara yaran ta fita. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, aka buɗe tagogi.

Dattijon ya buɗe kundina wajen da ya naɗe, ya ce bai gamsu da abin da na faɗa a kan zurfin saiwa ba. Ya yi tambaya mai tsawo, irin wadda mai yin ta ya fi son jin ta fiye da amsar. Yana tsakiyarta kukan Safiya ya shigo ta taga, na yunwa, wanda ke farawa daga ciki. Sai na ji kamar an soka min allurai masu ɗumi a ƙirji, dama da hagu. Kunun kanwa da hulbar da na yi ta ɗura wa kaina suka zaɓi wannan lokacin suka iso gaba ɗaya. Na ji ɗumi na gangarowa. Farin tob ba ya rufa asiri. Na ɗauki kundina na rungume da hannu biyu, kamar ɗalibar da ke ƙaunar aikinta.

Ga nono, ga 'ya, tsakaninmu taga ɗaya. Na dubi ƙofa. Malamina ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan.

Sai kukan ya yanke, ɗif, a tsakiya. Na san wannan shirun. Na san abin da ke kawo shi.

"Muna sauraronki, ya ustaza," in ji dattijon.

Na ba shi amsa. Ban taɓa magana irin ta ranar ba, kafin nan ko bayan nan. Na bi saiwar dawa tun daga ƙwaya har inda take samun danshi, na kawo masa abin da ya karanta da abin da bai karanta ba, ban bar masa wurin sa allura ba. Suka ɗauka ilimi ne. Duk abin da na so in faɗa ta tagar nan ne na juye a kansa. Suka fitar da mu, suka yi shawara, suka kira mu, aka ce na ci. Hajja ta rangaɗa guɗa duk da azumi ya busar mata da maƙogwaro.

Kaltume na kan benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, daidai tagar. Musa na wasa da gefen tob ɗinta. Safiya na barci a cinyarta, baki a buɗe, fari-fari a gefen leɓe.

"Mabruk, Ustaza. Duk na ji. Wancan mai gilashin ko dawa ya taɓa gani a gona?"

"Da kin jira ni kaɗan."

"Da kin yi sauri kaɗan."

Na sauke kundin daga ƙirjina. Bangonsa ya jiƙe. Kaltume ta dubi gaban tob ɗina. Ta ɗago Safiya ta miƙo min.

"Karɓi. Ban bari ta ƙoshi ba."

Ƙarya take, cikin yarinyar kamar ganga. Na zauna a ƙarshen bencin, na juya wa kowa baya, na ja tob na rufe mu. Na murza mata tafin ƙafa har ta buɗe ido ɗaya. Na ba ta. Ta kama, ta tsotsa kaɗan, irin yadda baƙo mai ladabi kan taɓa abinci a gidan da ya shiga a ƙoshe, ta koma barcinta da shi a baki. Sauran ya ci gaba da zuba ta gefen kumatunta yana shiga min hannu.

Bashir ya zo ya tsaya a bayana ya ce rana na yi, ga hanya da nisa. Kaltume ta ce in ba mu tashi yanzu ba motar Omdurman za ta cika ta bar mu.

Na ce ta bar mu.